Bajon da Ke Ƙirjin Mai Ɗaukar Hoton Ƙashi: Tarihinsa Daga Jamus Zuwa Arlit da New Bell

A nan Duwala kalmar "radiyo" ma'ana biyu gare ta. Akwai radiyon da nake aiki a cikinsa, wanda ake kunnawa a shago ko a teburin mai shayi. Akwai kuma wanda likita ke rubuta wa mutum a takarda ya ce je ka a yi maka, wato hoton ƙirji ko na ƙashi, wanda 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira eksire. Bara da damina na raka kawuna a yi masa irin na biyun, saboda wani tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da aka tsayar da shi gaban na'ura, sai saurayin da ke aikin ya ce in fita waje, shi ma ya koma bayan wani bango mai 'yar taga, sannan ya danna. Wannan abu bai yi wa Kawu daɗi ba. Ana gamawa ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, wane irin magani ne wannan da mai ba da shi yake gudunsa?"

Ashe saurayin mutumin Ngaundere ne, yana jin Hausa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai sau ɗaya za a haska ka, ka tafi gida. Ni kuwa tun safe nake haska mutane, gobe ma haka, har shekara ta ƙare." Sai ya nuna mana wani ɗan abu na roba, bai kai kwalin ashana ba, maƙale a aljihun rigarsa, da sunansa da lamba a jiki. Ya ce wannan ne ke riƙe masa lissafi.

Da na ɗauko maganar a shirina, masu kira da yawa sun ɗauka abin wata laya ce ta Bature mai kare jiki. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta tarihinsa, domin 'ya'yanmu suna aiki a asibitoci da tashar jirgin ruwa da wuraren walda, kuma dubban Hausawa sun ci abinci a ramukan yuraniyom na Nijar. Sunan abin dozimeta, wato ma'aunin abin da jiki ya kwasa na haske mai ratsa jiki, wanda masana ke kira radiyeshon. Ni dai a nan bajo zan riƙa kiransa.

Hasken da ido ba ya gani

Ranar 8 ga Nuwamba 1895, a jami'ar Würzburg ta ƙasar Jamus, wani malamin kimiyya mai suna Wilhelm Röntgen yana gwaji da wata kwalbar gilashi da ake tura wa lantarki. Ya lulluɓe ta da baƙin kwali, amma sai ya ga wani allo da ke gefe yana ƙyalli. Wani abu ne ke fita daga kwalbar yana ratsa kwalin. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya laƙaba masa harafin X. Bayan mako shida ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa suka fito fes, har da zoben da ke yatsarta. A 1896 Henri Becquerel ya gano a Faris cewa yuraniyom ma yana fitar da irin wannan haske da kansa, ba tare da lantarki ba. A 1898 Marie Curie da mijinta Pierre suka gano radiyom.

Likitoci suka rungumi abin hannu bibbiyu. Matsalar ita ce hasken ba shi da launi, ba shi da wari, kuma a lokacin da yake ratsa mutum ba ya jin komai. Masu aikin farko da hannunsu suke gwada ƙarfin na'ura: su sa shi a gaba, in sun ga ƙashinsu sosai, to na'ura ta yi daidai. Sai daga baya fata ta fara ƙonewa, gashi ya zube, gyambo ya ƙi warkewa. Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, sai da aka yanke hannayensa duka biyu, ya mutu da ciwon daji a watan Oktoba 1904 yana da shekara 39. Edison ya tsorata ya bar binciken gaba ɗaya. A 1936 aka kafa wani dutse a harabar asibitin St. Georg da ke Hamburg, ɗauke da sunayen likitoci da ma'aikatan jinya da masana 169 da wannan aiki ya kashe, kuma daga baya sai da aka ƙara wasu sunayen.

A wancan zamani ma'aunin da ake da shi fatar mutum ce. Adadin hasken da ke sa fata ta yi ja, shi ne mudun da ake awo da shi. Mai karatu zai ga aibin wannan mudu da kansa. Kafin ya nuna komai ɓarna ta riga ta auku, kuma fatar wani ba ta wani ba ce. Mu masu baƙar fata ma jan ba ya saurin bayyana a jikinmu.

Fim a cikin aljihu

Dabarar farko ta fito ne daga abin da kowa ya riga ya sani: hasken yana baƙanta fim ɗin hoto ko da yana cikin takardarsa. A 1907 wani mai ƙera kwalaben eksire a Chicago, Rome Wagner, ya faɗa wa taron likitoci cewa kullum yakan sa farantin hoto a aljihunsa, da yamma ya wanke shi ya ga ko ya yi duhu. Sai dai shi nasa ya zama ihu bayan hari, domin a 1908 ciwon daji ya kashe shi. Amma dabarar ta rayu. Zuwa shekarun 1920 likitoci sun fara ba ma'aikatansu shawarar riƙe ɗan fim irin wanda masu haƙori ke amfani da shi.

Fim zalla yana yin ƙarya, kuma dalilin yana da muhimmanci. Shi wannan haske iri-iri ne. Akwai alfa, wanda takarda guda ke tare shi. Akwai beta, wanda ke ratsa takarda amma faifan alminiyom ya tsayar da shi. Sai gama da eksire, masu ratsa jiki su wuce, waɗanda sai dalma ko kankare mai kauri ke rage musu ƙarfi. Ko a cikin eksire ɗin akwai mai ƙarfi da mai rauni. Fim kuwa da sinadarin azurfa ake yin sa, kuma azurfa ta fi naman mutum kama haske mai rauni nesa ba kusa ba. Saboda haka fim zai iya yin baƙi ƙirin alhali abin da jiki ya kwasa kaɗan ne, ko ya yi ɗan duhu alhali an sha da yawa.

Wata masaniya a asibitin Memorial na New York, Edith Quimby, ita ce ta kawo gyara a 1926. Ta rufe sassan fim ɗin da ƙananan faya-fayen ƙarfe, ta bar wani sashe a buɗe. In an wanke shi sai a kwatanta duhun da ke ƙarƙashin ƙarfe da na wurin da ke buɗe. In bambancin yana da yawa, hasken mai rauni ne, ƙarfe ya tare shi. In duhun kusan ɗaya ne, mai ƙarfi ne. Da wannan ake gyara lissafi. Har yau duk bajon da za ka buɗe za ka tarar da wannan tsari a ciki: taga ɗaya a buɗe, sauran an rufe su da roba da alminiyom da jan ƙarfe, wani lokaci da dalma.

Awo ba ya amfani sai an san iyaka. A 1928, a taron likitocin eksire na duniya da aka yi a Stockholm, aka amince da ma'auni guda mai sunan Röntgen, aka kuma kafa kwamitin da daga baya ya zama hukumar ICRP mai ba duniya shawara kan kariya. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai Rolf Sievert, mutumin Suwidin, wanda ma'aunin yau, sibat da milisibat, ya samo suna daga gare shi. Iyakar da kwamitin ya sa wa ma'aikaci a 1934 ta kai kimanin milisibat 500 a shekara in an juya ta zuwa lissafin yanzu. A 1950 aka rage ta zuwa wajen 150, a ƙarshen shekarun 1950 zuwa 50, sannan a 1990 zuwa 20 a shekara in an raba a kan shekara biyar, ba tare da wuce 50 a shekara guda ba. Wato cikin shekara 56 iyakar ta ragu ninki 25, saboda kowane ƙarin ilimi yana nuna haɗarin ya fi yadda aka zata. Domin a samu abin kwatance: ɗan'adam yana kwasar kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, hoton ƙirji guda kuwa wajen 0.1 ne. Ke nan Kawu ba shi da abin tsoro. Saurayin da ya haska shi ne ke da dalilin laɓewa.

Yaƙi ya mai da shi bajo

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da ɗan fim na aljihu abin da muka sani a yau. Ranar 2 ga Disamba 1942 Enrico Fermi da abokan aikinsa suka kunna tukunyar nukiliya ta farko a duniya a Chicago, cikin shirin Amurka na ƙera bam. Dubban ma'aikata za su yi hulɗa da abubuwan da ba a taɓa sarrafawa da yawa haka ba. Wani masani a wurin, Ernest Wollan, ya tsara gida na musamman da ake zura fim a ciki, mai buɗaɗɗiyar taga da murfin ƙarfen kadmiyom, wanda ake maƙalawa a riga, a karɓa a wanke a kan lokaci, a rubuta sakamakon kowa da sunansa. Tare da shi ana ba ma'aikaci wani mai kama da alƙalami, wanda Charles Lauritsen ya ƙirƙiro. Shi wannan ana leƙa cikinsa a ga wani siririn zare yana motsi a kan ma'auni, mutum ya san abin da ya kwasa nan take. Aibinsa, in ya faɗi ƙasa yakan rikice.

Wani darasi da aka koya a lokacin bai shafi kimiyya ba, halin ɗan'adam ya shafa: mutane suna mantuwa, wasu kuma da gangan suke ajiye bajo. Daga baya wasu cibiyoyin nukiliyar Amurka suka haɗe shi da katin shaidar shiga, yadda ba ka wuce mai gadi sai da shi a ƙirjinka. Matsalar dai ba ta ƙare ba. A 2012 aka bankaɗo a Japan cewa wani ɗan kwangila a tashar Fukushima ya sa ma'aikatansa su rufe na'urorinsu da dalma domin lissafinsu ya yi ƙasa, kada a dakatar da su daga aiki.

Daga fim zuwa gishiri mai ajiya

Fim yana da maƙiya biyu, zafi da laima. Zafi yana sa shi duhu ko ba haske, laima kuma tana goge abin da ya riga ya kama. Duk wanda ya san Duwala, inda ruwan sama ke wuce milimita 3,500 a shekara, takalmi ya yi fumfuna a ɗaki, ya san ba garin fim ba ne. Haka Arlit, inda rana ke wuce digiri 40.

Mafita ta fito daga jami'ar Wisconsin. A farkon shekarun 1950 Farrington Daniels ya nuna cewa akwai wasu ƙwayoyi masu kama da gishiri da ke ajiye ƙarfin hasken da ya ratsa su, kamar yadda asusu ke ajiye kwabo, ba sa sakinsa sai an gasa su. John Cameron, a wannan jami'a, ya inganta dabarar a shekarun 1960 da gishirin litiyom fulorayid. Ana sa 'yar ƙwayarsa a bajo, ma'aikaci ya yi wata guda ko uku da shi, a kai ɗakin awo a ɗumama ta zuwa wajen digiri 300, sai ta fitar da ɗan haske wanda na'ura ke aunawa. Yawan hasken, yawan abin da mutum ya kwasa. Wannan gishiri yana kama haske kusan yadda naman mutum ke kamawa, kuma ana sake amfani da shi. Rauninsa guda ne: asusun ƙasa ne, in an fasa an fasa. Da zarar an karanta, shaidar ta goge, in gardama ta taso babu abin komawa. Ana kiran wannan iri TLD.

A ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da wani sabo mai suna OSL, wanda ake yi da sinadarin alminiyom da aka cakuɗa da kabon. Shi da koren haske ake taɓa shi maimakon wuta, ya amsa da shuɗi, kuma kaɗan daga ajiyarsa ake cira, don haka ana iya sake karanta shi. Sai kuma na lantarki mai batir, mai nuna lamba yana ƙara in an shiga wuri mai haɗari. Shi ma sai an kula da iyakarsa. A daren hatsarin Chernobyl, 26 ga Afrilu 1986, na'urorin da ke hannun ma'aikata ba sa iya nuna fiye da rontijin 3.6 a awa, alhali abin da ke wurin ya ninka haka sau dubbai.

Akwai ƙa'idoji da ke tafiya da kowane iri. A ƙirji ake maƙala shi. Ba a aron na wani. Ba a tafiya da shi gida, ba a barinsa a rana ko cikin mota. Kowane rukuni yana zuwa da bajo guda da ba mai sawa, ana ajiye shi nesa da na'ura, domin a cire abin da duka suka kwasa a hanya da wurin ajiya. Masu aiki da hannu kusa da haske suna da na zobe, akwai kuma na gefen ido, musamman tun 2011 da aka rage iyakar ido daga milisibat 150 zuwa 20.

Yadda maganar ta iso ƙasashenmu

Kamaru ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1960. Bayan mako shida, ranar 13 ga Fabrairu, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, mai ƙarfin da ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. Lokacin hunturu ne, lokacin da iska ke kwaso ƙurar hamada tana kawo mana. Wata taswirar sojan Faransa da aka fitar a 2014 ta nuna burbushin ya kai Chadi da Afirka ta Tsakiya da ƙasashen Afirka ta Yamma. Gana ta riƙe kadarorin Faransa. Da aka yi gwaji na uku a ƙarshen Disamba 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas a Janairun 1961, ta hana jiragen Faransa na sama da na ruwa shigowa Nijeriya. Gwaji 17 Faransa ta yi a Aljeriya tsakanin 1960 da 1966.

Wannan fargaba ce ta haifar da sashen kariya daga radiyeshon na farko a Nijeriya, wanda aka kafa a jami'ar Ibadan a 1964. Dokar 1995 ta samar da hukumar NNRA, wadda ta fara aiki a 2001. A ƙasar Hausa kuwa cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ita ce gidan wannan ilimi. Nan ne aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a 2004, kuma cibiyar tana karanta bajon ma'aikatan asibitoci.

Arlit: inda bajon ƙirji bai isa ba

An gano yuraniyom a Azelik ta Nijar a 1957. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara haƙa a Arlit a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara fitar da kaya a 1978 daga ramin Akouta mai zurfin kimanin mita 250. Gari ya tashi a tsakiyar hamada, Buzaye da Zabarmawa da Hausawan Maraɗi da Damagaram da Tawa suka cika shi, har Hausa ta zama harshen kasuwarsa.

A cikin rami babban haɗarin yana shiga ne ta hanci. Dutsen yuraniyom yana fitar da wata iska mai suna radon, ita kuma tana rikiɗa zuwa ƙananan burbushi masu fitar da alfa. A waje alfa ba ya ratsa ko fata, amma in ya sauka cikin huhu babu abin da ke tsakaninsa da nama. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Bajon ƙirji ba ya ganin wannan. Shi ya sa masanan hukumar nukiliya ta Faransa suka ƙera wata na'ura dabam domin masu haƙa, wadda ake ɗaurawa a ƙugu, mai batir da 'yar fanka da ke zuƙo iska ta cikin matata a duk tsawon aiki. Burbushin da ya maƙale a matatar yana barin ƙananan tabo a kan wani fim na musamman, a ƙirga su a ƙarshen wata. An fara amfani da ita a ramukan Faransa a farkon shekarun 1980.

Kamfanin Faransa da a da yake riƙe da ramukan, wanda ya sauya suna daga Cogema zuwa Areva zuwa Orano, ya sha cewa ma'aikatansa ba sa wuce iyakar milisibat 20. Mazauna garin kuwa tambayarsu dabam ce: matan gida da yara da 'yan kasuwa, waɗanda ba wanda ya maƙala wa bajo, wa ke riƙe musu lissafi? Wani ma'aikacin SOMAÏR, Almoustapha Alhacen, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man, ya gayyato masanan CRIIRAD, wata cibiyar awo mai zaman kanta a Faransa. Da suka sauka Yamai a Disamba 2003 aka riƙe manyan na'urorinsu. Duk da haka binciken da suka yi ya gano tsofaffin ƙarafan ma'aikata masu gurɓata ana sayar da su a kasuwar Arlit. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta samu abin da ya ninka na al'ada kusan sau 500, saboda an yi cikon hanya da duwatsun rami. Daga baya kamfanin ya kwashe su. Amina Weira, ɗiyar tsohon ma'aikacin rami, ta yi fim a kan rayuwar garin a 2016.

An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021 bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom. Ciwon dajin huhu yakan ɗauki shekara goma ko ashirin ko fiye kafin ya bayyana. Tsohon leburan da ya koma Tasawa ko Madawa, in tari ya kama shi yau, hujjarsa guda ita ce takardar da aka rubuta lissafin bajonsa. In ba ta hannunsa, maganarsa ce kawai da ta kamfani.

Mu dawo gida

A shekarun da Röntgen ke shan yabo, ƙasarsa ce ke mulkin Kamaru. Jamusawan ne suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri, suka tura su bayan gari zuwa wurin da suka kira Neu-Bell, suka rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914 saboda ya ƙi yarda. Unguwar ta zama masaukin baƙi, kakanninmu fatake da mahauta suka kafa zangonsu a ciki. Yau jikokinsu suna cikin kowace sana'a ta birnin, har da waɗanda wannan magana ta shafa.

Asibitin Laquintinie, wanda aka buɗe a 1931, da Babban Asibitin Duwala inda ake gasa ciwon daji da haske, da ɗakunan hoto masu zaman kansu, duk suna da ma'aikatan da ya kamata su sa bajo. Haka masu na'urar haska kwantena a tashar jirgin ruwa, da masu duba walda a tankuna da bututun mai irin wanda ya taso daga Doba zuwa Kiribi, kilomita 1,070, domin a irin wannan aiki akan haska mahaɗar ƙarfe da iridiyom. Kamaru ta yi dokar kariya a Janairun 1995, ta kafa hukumar ANRP a Yawunde a 2002, ta sabunta dokar a 2019. A takarda komai ya yi. Amma da nake haɗa shirina na shiga wani ɗakin hoto mai zaman kansa, ba zan faɗi sunansa ba, na tambayi ma'aikaciyar ina nata. Ta jawo durowa ta nuna mini guda uku a kwance. Ta ce an yi watanni ba a zo karɓa ba, ita kuma tun da ta fara aiki ba ta taɓa ganin sakamakonta ba.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne waɗanda doka ba ta ma san da su ba, wato yaranmu 'yan gwangwan, masu tura baro suna tara ƙarfe domin kamfanonin narka shi na yankin Bassa. A Satumba 1987, a birnin Goiânia na Brazil, wasu masu irin wannan sana'a su biyu suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka ciro kan wata na'urar gasa ciwon daji, suka fasa, suka sayar wa mai gidan gwangwan. A ciki akwai garin siziyom mai shuɗin ƙyalli da dare. Abin ya ba shi sha'awa ya rarraba wa dangi. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida. An auna mutum 112,000, aka samu 249 da gurɓata. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Alamar haɗarin da aka saba da ita, mai fukafukai uku a kan rawaya, da fanka ta yi kama, wanda bai je makaranta ba ba zai gane ta ba. Saboda haka a 2007 hukumar nukiliya ta duniya ta ƙaro wata: jan alwatika mai ƙoƙon kan mutum da hoton wani yana gudu. Ya kamata sarakunan unguwanninmu da shugabannin 'yan gwangwan su sa a nuna wa yara alamun nan biyu. Duk ƙaramin ƙarfen da ya yi nauyi fiye da girmansa, mai ɗauke da ɗayansu, kada a fasa, kada a kai gida, a nisance shi a sanar da hukuma.

Ga wanda ke aiki da irin waɗannan na'urori kuwa, haƙƙinsa ne a ba shi bajo da sunansa, a karɓa a kan lokaci, a nuna masa sakamako. Ya nemi kwafi ya adana tare da takardun gidansa, ko da ya bar aikin. Mace ma'aikaciya in ta samu ciki ta faɗa da wuri, domin iyakar ɗan da ke cikinta milisibat 1 ce, daidai da ta sauran jama'a. Bajo dai ba ya tare komai. Abin da ke karewa uku ne: rage lokaci, yin nisa, da laɓewa bayan dalma ko bango.

Shi kuwa Kawu, hoton ya nuna sanyi ne ya kama masa huhu, ya sha magani ya warke. Da muka koma karɓar sakamako ya tsaya ya tambayi saurayin nan ko an karanta masa "layar" tasa. Ya ce an karanta, lissafinsa na wata uku bai kai milisibat ɗaya ba. Kawu ya ce, "Madalla. To ka riƙa ajiye takardar, ɗana."